Filin Tambaya da Amsa: “I'm”, “don't” da 'yan'uwansu a Turancin baka da na rubutu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ba mu aikin rubuta wasiƙar neman aiki a aji, sai malaminmu na Turanci ya bi duk inda na rubuta “I'm” da “don't” da “I've” ya ja musu jan biro, ya rubuta a gefe cewa wannan Turancin ragwaye ne. Ni kuma duk Baturen da na saurara a rediyo ko talabijin haka yake magana, har da manyansu. To, wane ne a kan daidai?
— Daga wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe na sakandare

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Jan biron yana kan hanya, abin da aka rubuta a gefe ne ban yarda da shi ba. Wasiƙar neman aiki ba wurin “I'm” ba ce, wannan gaskiyar malaminki ce, ki riƙe ta. Amma a ce ragwanci ne ke sa Bature ya dunƙule “I am” ta koma “I'm”, wannan magana ta daɗe tana cutar da masu koyo, kuma tana ci mini rai, domin ita ce ke sa yaro ya gama makaranta da sakamako mai kyau, ranar da ya haɗu da mai harshen ya kasa tsintar komai a bakinsa.

Ki dubi Hausar da ke bakinki. Kina cewa “zai tafi”, kina cewa “bai sani ba”. Wannan “zai” ɗin daga “za ya” ta fito, “bai” kuma daga “ba ya”. Haka “domin” ke komawa “don”, “idan” ta koma “in”. Ba wanda ya taɓa kiranki raguwa saboda haka, ke ma ba ki taɓa jin kin rage wani abu ba. Kalmomin da harshe ke yawan maimaitawa su ne suke sirancewa, a kowane harshe kuwa.

Turanci kuma yana da wani dalili na ƙari. Jimlarsa da nauyi take tafiya: akwai gaɓoɓin da ake dannawa, akwai waɗanda ake wucewa ta kansu da sauri. Sunaye da manyan aikatau su ke ɗaukar nauyin. Ƙananan aikatau masu taimako, irin su “am”, “is”, “are”, “have”, “has”, “had”, “will” da “would”, su ake matsewa har wasalinsu ya ɓace. Idan mutum ya ce “She'll call you”, nauyin yana kan “call”, saƙon kuma shi ne za ta kira ka, shi ke nan. Idan ya dawo da “will” cikakkiya ya danna ta, to ya faɗi wani abu dabam: ana musu ne, shi kuma yana cewa lallai za ta kira, ka daina shakka. Haka “I don't want it” na nufin ba na so, amma “I do not want it” da baki na nufin na gaya maka ba na so, kar ka sake tambayata. Uwar da ta ce wa ɗanta “You will not go out” tsawa take yi. Saboda haka wanda ya saba warware kowace kalma a cikin hira, a kunnen mai harshen yana jin kamar mai fushi ko mai karanta takarda, alhali shi ladabi yake nufi. Wannan ita ce asarar da nake jiye wa ɗalibanmu.

Inda Turanci ya rabu da Hausa shi ne a rubutu. Mu muna rubuta “zai” a jarida da littafi da takardar kotu, ba wanda zai ɗaga gira. Su kuwa sun bar wa cikakkiyar siga wasu wurare nata: wasiƙar hukuma, takardar neman aiki, rubutun bincike a jami'a, yarjejeniya da doka. Ƙyamar dunƙulewa a rubutu tsohuwa ce. Marubuci Jonathan Swift ya yi wa wannan ɗabi'a ta yanke wasula ba'a a mujallar Tatler a 1710, ya sake kukan a wata ƙasida da ya fitar a 1712 kan gyaran harshen Ingilishi. Shekara fiye da ɗari uku ke nan, kuma da yawa daga cikin kalmomin da ya tsana suna nan daram. A zamaninmu ma ƙofar sai ƙara buɗewa take. Amurka ta yi dokar sauƙaƙa rubutun hukuma a 2010, jagoran rubutu mai sauƙi na gwamnatinta kuma ya shawarci ma'aikata su yi amfani da dunƙulallun kalmomi inda suka dace, don takarda ta yi kama da maganar mutum. Duk da haka ban ba ki shawarar ki kai wannan hujja gaban mai duba jarrabawa ba.

Abin da za ki yi mai sauƙi ne. Kafin ki ɗora biro, ki tambayi kanki wa zai karanta. Wasiƙa zuwa ga ƙawarki ko yayarki, ki dunƙule, domin rashin dunƙulewar ma aibi ne a nan, wasiƙar za ta bushe. Labari kike rubutawa mutane suna magana a ciki, ki bar su su yi magana yadda mutane ke yi. Wasiƙa zuwa ga shugaban ma'aikata ko muƙala ta muhawara, ki warware komai tun daga gaisuwa har sa hannu. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Abin da na fi ƙi shi ne a fara da “I am writing” a layin farko, a layi na uku a faɗo kan “I've got”.

Tambaya: Malam, ina karanta littattafan labari na Turanci don in ƙaru, amma “he's” da “she'd” suna rikita ni. Wani wuri “he's” na nufin “he is”, wani wuri “he has”. Yaya zan gane?
— Daga wani mai koyon Turanci da kansa

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka tsaya kallon dunƙulalliyar kalmar, ba za ta gaya maka komai ba. Kalmar da ke binta za ka duba. Idan aikatau mai ƙarewa da “-ing” ne ya biyo, ko suna, ko siffa, to “is” ce: “He's reading”, “He's a doctor”, “He's tired”. Idan “been” ko “got” ce ta biyo, “has” ce ba makawa. Idan siga ta uku ta aikatau ce, wato irin “gone” a jerin “go, went, gone”, kuma an ambaci abin da aikin ya faɗa wa, nan ma “has” ce: “He's broken the window”. Akwai inda duka biyun ke shiga, kamar “It's broken”, kuma a irin wannan wurin ma'anar kusan ɗaya ce, kada ka ɓata lokaci a kai. Abu ɗaya tabbatacce, wannan “s” ba ta tsayawa a madadin “was”. Mai son ya ce jiya ba shi da lafiya dole ya faɗi “he was” cikakkiya.

Ita kuwa “d”, idan gundarin aikatau ya biyo ta, “would” ce: “She'd go”. Idan siga ta uku ce, “had” ce: “She'd gone”. Matsala tana zuwa ne a aikatau irin “come”, “put”, “cut” da “run”, waɗanda gundarinsu da sigarsu ta uku iri ɗaya ne. “He'd come” na iya zama ya riga ya zo, na iya zama da zai zo, sai sauran jimlar ta raba gardama. Ka haddace waɗannan uku yadda suke: “I'd like” da “I'd rather” da “would” suke, “I'd better” kuma da “had”.

Ka lura kuma da “let's”. Asalinta “let us” ce, amma sun raba aiki. “Let's go” gayyata ce, mu tafi. “Let us go” a bakin mutanen da aka tsare roƙo ne, ku sake mu.

Tambaya: Shugabata a ofis ta tambaye ni “Are you the new secretary?” na ce “Yes, I'm.” Sai ta yi murmushi ta ce “Yes, I am.” Ni dai na san “I'm” da “I am” abu ɗaya ne. Ina kuskurena?
— Daga wata sabuwar ma'aikaciya

Amsa: 'Yar'uwa, wannan tambaya ta fi duk sauran yi mini daɗi, domin ita ce ke nuna cewa dunƙulewa tana da ƙa'ida mai tsauri, wadda yaron Bature ɗan shekara biyar yake bi ba tare da an koya masa ba, mu kuma ba a cika koya mana ita a aji ba.

Ma'anarsu ɗaya ce, amma ba ko'ina suke musaya ba. Dunƙulalliyar siga ba ta da nauyin kanta, tana bukatar wata kalma ta biyo ta wadda za ta ɗauki nauyin. A “I'm the new secretary” nauyin ya tafi kan “secretary”. Da kika gajarce amsa kika cire sauran jimlar, sai nauyin ya dawo kan “am”, kalmar da ke ɗauke da nauyi kuwa ba a matse ta. Shi ya sa ake cewa “Yes, I am”, “Yes, she has”, “Yes, we will”, ba a cewa “Yes, we'll”. Haka abin yake a duk inda aka bar gurbi bayan ƙaramin aikatau: “I know where he is”, “She is older than I am”, “That's how it is”. Ko a tsakiyar jimla ne ma ƙa'idar tana aiki. Za ki ce “The meeting's tomorrow”, lafiya lau. Amma a “Tell me where the meeting is tomorrow” dole “is” ta fito cikakkiya, domin wurin taron da ya kamata ya biyo ta an ɗauke shi an kai gaba ya zama “where”, ya bar gurbi.

Korewa kuwa ba ta da wannan matsala. “No, I don't”, “No, she isn't”, “No, we can't”, duk daidai ne a ƙarshen jimla, saboda kalmomin da ke ƙarewa da “n't” suna da nauyinsu. “No, I'm not” ma daidai ce, don “not” ta karɓi nauyin. Wasu masana harshe biyu, Arnold Zwicky da Geoffrey Pullum, sun yi rubutu a 1983 suna kafa hujjar cewa “n't” ta riga ta zama ɗafi a jikin aikatau, ta wuce matsayin “not” da aka gajarce kawai. Ni na gamsu da hujjarsu, kuma ga abin da zai amfane ki a ciki. Ki ɗauki tambayar “Don't you know him?” Idan kika warware ta kalma bayan kalma za ki sami “Do not you know him?”, wadda ba Turancin yau ba ce. Cikakkiyar sigarta ita ce “Do you not know him?”, “not” ta koma bayan wakilin suna. Ɗaliban da aka ce musu su warware komai a rubutun hukuma nan suke yawan faɗawa rami, kuma ba laifinsu ba ne.

Tunda aikin ofis kike, ga wasu biyu. Idan “have” na nufin mallaka ko tilas, ki bar ta cikakkiya: “I have a question”, “I have to go”. Za ki ji wasu 'yan Birtaniya suna cewa “I've a question”, amma a Amurka baƙuwa ce, ke kuma ba ki da bukatarta. Sannan “he isn't here” da “he's not here” duka daidai ne, ta biyun ta ɗan fi danna korewar. “I've not seen it” an fi jin ta a arewacin Ingila da Sikotilan, “I haven't seen it” kuwa ko'ina za ta shige.

Tambaya: Malam, ina aikin jinya tare da likitoci Turawa, kuma a waya ba na iya bambance “can” da “can't”. Wannan ba abin wasa ba ne a aikinmu. Su ma wani lokaci sai sun ce in maimaita.
— Daga wata ma'aikaciyar jinya

Amsa: Malama, Allah ya taimaka. Ki kwantar da hankalinki, ba kunnenki ne ke da matsala ba. Kina jiran jin “t” a ƙarshe, ita kuwa sau da yawa ba ta fitowa, musamman idan baƙi ya biyo ta, kamar a “can't take” ko “can't do”. Masu harshen ba da ita suke bambancewa ba, da wasali da nauyi suke yi. “Can” ta tabbatarwa a tsakiyar jimla ba ta da nauyi, wasalinta ya kusa ɓacewa, sai ki ji kamar “kn”: “He can eat”, nauyin yana kan “eat”. “Can't” kuwa ana danna ta, wasalinta a buɗe. A bakin mutumin kudancin Ingila ma wasalin dogo ne, “kaant”, kunnen Bahaushe da ya saba raba dogon wasali da gajere ba zai sha wahala a nan ba. Na Amurka ne ya fi wuya, don wasalin “can't” ɗinsu iri ɗaya ne da na “can” idan an danna ta. A nan sai ki saurari ƙarshen kalmar: “can” tana zarcewa a hankali, “can't” kuwa ana datse ta a maƙogwaro, irin datsewar da kike yi a tsakiyar “sa'a”.

Amma a wurin da rai ke ciki, kada ki dogara da kunne. Ki tambaya kai tsaye, “Can or cannot?” Su ma haka suke yi a tsakaninsu. Matuƙan jirgin sama da masu ba su umarni daga hasumiya suna da kalma ta musamman, “unable”, da suke faɗa idan ba za su iya bin umarni ba, kuma suna cewa “negative” a madadin a'a, duk don kada korewa ta ɓace a cikin ƙarar rediyo. Jagoran rubutu na shafin intanet na gwamnatin Birtaniya ya yarda da irin su “you'll”, amma ya hana “can't” da “don't”, bisa dalilin cewa masu karatu da yawa suna karanta su a juye, su fahimci akasin abin da aka rubuta. Ke ma idan za ki faɗi ko ki rubuta umarnin magani, “cannot” da “do not” za ki yi amfani da su. “Cannot” kuma a haɗe ake rubuta ta.

Game da maimaitawar da suke sa ki, ina zargin ƙarshen kalmomi ne. Hausa ba ta rufe gaɓa da baƙi biyu, shi ya sa muka ce siminti da benci, kuma ba mu da “v”, shi ya sa muka ce direba da talabijin. Idan bakinmu ya zo kan “I've”, “I'll”, “I'd”, sai ya jefar da ɗan sautin ƙarshen, alhali a cikinsa lokacin aiki yake. “I'll check” alkawari ne, “I check” al'ada ce. “I'd like” roƙo ne cikin ladabi, “I like” labarin abin da kike so ne kawai. Ki riƙa gwada su a haɗe da kalmar da ke biye, kamar “I've asked” ta zama “ai-vaskt”, haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. A “didn't” da “isn't” kuwa, idan “t” ta faɗi ba komai, “n” ce dole ta fito. A “mustn't” ma “t” ta farko ba a furta ta sam.

Tambaya: Ni malamin firamare ne. Yarana suna rubuta “does'nt” da “did'nt”, kuma “its” da “it's” sun gagare su. Ta ina zan ɓullo musu?
— Daga wani malamin aji biyar

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Ka fara da raba musu aikin alamar nan (') a harsunan biyu. A Hausa alhamza sauti ce da ake furtawa, kamar a “ma'ana” da “'ya'ya”. A Turanci wannan ɗan waƙafin sama shaida ce ta harafin da aka cire. Turawan Ingila sun aro shi daga Faransanci a ƙarni na 16 don wannan aikin. Yaranka suna sa shi a mahaɗar kalmomin biyu ne, wanda tunani ne mai ma'ana, sai dai ba shi ne ƙa'idar ba. Ka rubuta “does not” a allo, ka goge “o” ta “not” a gabansu, ka ɗiga alamar a gurbinta. Wanda ya ga an goge da idonsa ba ya mantawa.

“Its” da “it's” kuwa, kada ka yi musu faɗa sosai. Su kansu Turawa sun daɗe suna rubuta ta mallakar da waƙafin sama, sai wajen farkon ƙarni na 19 aka tsaya a kan rabon da muke bi yau. Gwajin guda ɗaya ne: a warware. Idan “it is” ko “it has” ta zauna a wurin, a sa alama. Idan ba ta zauna ba, kamar a “The dog hurt its leg”, to ta mallaka ce, 'yar'uwar “his” da “hers” da “ours”, waɗanda duk ba su da alama. Gwajin nan shi zai raba musu “you're” da “your”, “they're” da “their”, “who's” da “whose”.

Akwai wani kuskure da za su gani a intanet daga hannun masu harshen, ka riga shi zuwa wurinsu: “could of” da “should of”. Daidai shi ne “could have” da “should have”. Sautin “could've” ne ya yi daidai da na “could of”, sai hannu ya bi kunne. Sannan ka nuna musu abin da ke faruwa idan an yar da alamar a saƙon waya: “we'll” ta koma “well”, “we're” ta koma “were”, “I'll” ta koma “ill”, “she'd” ta koma “shed”. Marubucin wasan kwaikwayo George Bernard Shaw, wanda ya rasu a 1950, ya yi fice wajen rubuta “dont” da “havent” ba alama, amma shi ma yakan bar ta inda cire ta zai kawo ruɗani.

Shawarata ta ƙarshe gare ka ita ce shifta. Ka riƙa karanta musu jimloli da dunƙulallun kalmomi cikin saurin magana ta gaskiya, su rubuta, sannan su warware. Kunne ya kamata ya riga hannu sanin waɗannan kalmomi.

Tambaya: Idan “do not” ta zama “don't”, me ya sa “will not” ba ta zama “willn't” ba? Kuma “ain't” da “gonna” da nake ji a waƙoƙi, Turanci ne na gaske?
— Daga wani matashi

Amsa: Ɗana, “won't” ba daga “will not” ɗin da ka sani ta fito kai tsaye ba. A tsohon Ingilishi na tsakiyar zamani kalmar tana da siga fiye da ɗaya, akwai mai “i”, akwai mai “o”, wato “wol”. Mai “i” ta yi nasara a tabbatarwa, mai “o” ta maƙale a korewa, daga gare ta “won't” ta fito. “Shan't” ta “shall not” ma ta zubar da “l” ɗinta, sai dai yanzu ba a cika jin ta ba, a Amurka ma kusan babu.

Wani giɓi da za ka lura da shi: “is” tana da “isn't”, “are” tana da “aren't”, amma “am” ba ta da tata a daidaitaccen Turanci. A magana ta kai tsaye ana cewa “I'm not”. A tambaya kuwa sai aka ari ta “are”, ake cewa “aren't I?”, kamar a “I'm next, aren't I?” Ga ido kamar kuskure, amma ita ce karɓaɓɓiya. Mutanen Ayilan da Sikotilan suna da “amn't”, wadda ta fi bin lissafi, sai dai ba ta fita daga yankunansu ba.

Wannan giɓin ne “ain't” ta taso ta cike. Ta samo asali daga “an't” wadda ta fara bayyana a rubuce a ƙarshen ƙarni na 17, kuma a ƙarni na 18 har masu hali na Ingila suna faɗinta. Daga baya ta faɗaɗa ta tsaya a madadin “am not”, “is not”, “are not”, “have not” da “has not” gaba ɗaya, malaman nahawu na ƙarni na 19 kuma suka sa ta a gaba har ta zama alamar rashin ilimi. A 1961, da aka fitar da bugu na uku na babban ƙamus ɗin Webster a Amurka, jaridu sun yi ca a kansa, kuma ɗaya daga cikin manyan laifukan da suka ɗora masa shi ne bai tsine wa “ain't” yadda suke so ba. To Turanci ce ta gaske, miliyoyin mutane da ita suka tashi, kuma ban yarda a raina su saboda ita ba. Masu ilimi ma sukan jefa ta da gangan don armashi. Amma kai da kake koyo, wanda ya ji ta a bakinka ba zai san da gangan ka yi ba. Ka fahimce ta idan ka ji, ka bar ta a waƙa, kada ta bi ka ɗakin ganawar neman aiki.

“Gonna”, “wanna” da “gotta” matsayinsu dabam ne. Da baki kusan kowa yana yin su, har shugabanni a kan mumbari, ba wanda ke lura. A rubuce ne ba su wuce saƙon abokai da baitin waƙa da maganar mutane a cikin labari ba. Su ma suna da ƙa'ida. “Gonna” tana aiki ne kawai idan “going to” na nufin abin da za a yi, aikatau na biye: “I'm gonna study”. Idan tafiya ce zuwa wani wuri, ba a dunƙulewa, ba mai cewa “I'm gonna London”. Kuma kada ka yar da “am” ɗin, “I gonna” ba daidai ba ce. “Wanna” daga “want to” take, saboda haka tana tafiya da “I”, “you”, “we” da “they”. Da “he” ko “she” sai ka koma “wants to”.